Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Nasiha Ga Matasan Da Aka Ɗora Wa Kuɗin Taro

 Ya ku 'ya'yana da ƙannena na ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, maza da mata, na daɗe ina lura da wata al'ada da ta shigo mana sannu a hankali, ita ce kuwa, duk sa'ad da wani taro ya taso a gari, ko walimar saukar karatu ce ta Islamiyya, ko bikin auren wani daga cikin dangi, ko taron shekara na ƙungiyar ɗalibai, ko gasar ƙwallon samari ta bayan salla, to, da dattawa sun zauna sun yanke rana, sai su waiga su nemi wanda ya yi boko a cikinku, mai riƙe da babbar waya, su miƙa masa alƙalami da jakar kuɗi, su ce, "Kai ne ma'aji, Allah Ya taya ka riƙo." Shi kuwa yaro sai ya karɓa da murna, yana ganin girma aka ba shi, alhali kaya aka aza masa ba gammo. Gammon nan nake so in naɗa muku a wannan takarda, gwargwadon abin da Allah Ya sanar da ni.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wani al'amari ne da na gani da idona a shekarun baya, a wani gari na wannan yanki namu. An yi walimar sauka, ɗalibai sun karanta allunansu, iyaye sun yi kukan farin ciki, an ci an sha, baƙi sun watse lafiya. Bayan kwana uku muka zauna a zauren shugaban kwamiti bayan sallar isha'i, a kan tabarma, da 'yar fitila a tsakiya, domin a ji yadda kuɗi suka shigo da yadda suka fita. Ma'ajinmu saurayi ne mai kunya, wanda ko allura ka yar a gabansa sai ya bi ka da ita har gida. Ya zazzage aljihunsa da wata baƙar leda a gabanmu: ga takardar da aka yago daga littafin makaranta, ga bayan katin gayyata da aka rubuta kuɗin itace a kai, ga rasiɗin mai rumfa da zufa ta jiƙa har tawada ta narke, saura kuwa ya ce yana riƙe da shi a ka. Aka tara, aka sake tarawa, lissafi ya ƙi haɗuwa, ga kuma mai janareta a ƙofar zaure ya jingina da babur ɗinsa yana jiran cikon kuɗinsa.

Babu wanda ya ce masa ɓarawo a wannan dare. Wani dattijo dai ya yi gyaran murya ya ce, "To, Allah Ya kyauta," kowa ya laluba takalminsa. Amma ku kun san nauyin wannan kalma idan aka faɗe ta a irin wannan zama. Sai da yaron nan ya sayar da buhu biyu na masarar da ya noma ya toshe giɓin, duk da haka ya yi watanni ba ya tsayawa hira a bakin masallaci. Daga baya ta bayyana ko kwabo bai ci ba. Cefane aka yi a kan alkawuran da ba su cika ba, jama'a suka zo fiye da yadda aka zata har aka sake ɗora tukunya, ƙananan kuɗaɗe kuma suka yi ta fita ba mai rubutawa. Amanarsa cikakkiya ce, hujja ce ba shi da ita, amana kuwa idan ba ta da hujja, a idon jama'a ba a rarrabe ta da ha'inci.

Kada ɗayanku ya zaci rubuta kuɗi bidi'ar Turawa ce. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, wato ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, da kafa masa shaidu, da hana ƙosawa da rubuta shi komai ƙanƙantarsa. Malamin nan al-Khawarizmi, wanda ya zauna a Bagadaza a ƙarni na 9 na Miladiyya, da ya wallafa littafinsa na aljabara, babban kashi ya ware wa mas'alolin gado da wasiyya, domin a ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa. A nan ƙasarmu kuwa muna da Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fullani al-Kashinawi, Bakatsinen da ya rubuta littafi a 1732 a kan hisabin gidajen hatimi, ya rasu a Alƙahira a 1741; aikinsa shi ne jera lambobi a cikin gidaje, a tsaye da a kwance, yadda kowane layi zai ba da jimla guda. Kai, ko iyayenmu mata, da ake ganin ba su yi nisa a makaranta ba, ai ba sa yin biki sai sun zaunar da wata da littafi tana rubuta wa ya kawo me, saboda sun san gudummawar biki bashi ce da ta sa rigar kyauta. Saboda haka abin da zan kwatanta muku gadon gidanku ne ya dawo muku a cikin waya.

Sunansa jadawalin lissafi, ku kuwa kun fi saninsa da Excel. Asalinsa, wani Ba'amurke mai suna Dan Bricklin, yana ɗalibi a makarantar koyon kasuwanci ta Jami'ar Harvard, ya ga yadda sauya lamba guda a kan allo kan tilasta a goge duk lissafin da ke ƙarƙashinta a sake, sai shi da abokinsa Bob Frankston suka ƙirƙiro VisiCalc, ta fito a 1979. Daga bisani Excel ta fito a 1985, Google Sheets kuma a 2006, ga kuma LibreOffice Calc da ake samu kyauta a kwamfuta. Fasalinsa fasalin hatimi ne: ginshiƙai a tsaye masu sunayen harufa, sahu-sahu a kwance masu lambobi, inda ginshiƙi ya haɗu da sahu nan ne gida. A cikin gida ko dai ka rubuta lamba, ko ka rubuta ƙa'ida. Alal misali, idan ka sa yawan baƙi a gida na B2, ka sa kuɗin ciyar da mutum ɗaya a gida na B3, sai ka rubuta =B2*B3 a gida na B4, to, daga nan duk sa'ad da ka taɓa yawan baƙi, jimlar za ta sauya da kanta kafin ƙiftawar ido. Fa'idarsa babba, wadda mafi yawanku ba ku kula da ita ba, ita ce yana ba ku dama ku yi taron a takarda sau biyu, sau uku, sau goma, ku yi hasara a inda hasara ba ta cin kwabo, tun kafin a hura wuta a murhu.

Ku buɗe shafi na farko ku kira shi shafin zato. A nan za ku tara duk lambar da ba ku da tabbas a kanta: yawan baƙi, farashin buhun shinkafa, farashin jarkar mai, kuɗin dabba, litar fetur, hayar kujera guda. Kowace lamba a ba ta gida ɗaya tak, a rubuta a gefenta ranar da aka tambayo farashin da kasuwar da aka tambayo, ko Funtuwa ce, ko Ɗandume, ko Sheme, domin farashin da aka jiyo a bakin wani a majalisa ba farashi ba ne. Duk sauran shafuka daga nan za su riƙa ɗebo lambobinsu, kada a sake rubuta wata da hannu a wani wuri. Wanda ya warwatsa farashin shinkafa a gidaje biyar, ran da ya tashi gyarawa zai gyara huɗu ya manta ɗaya, a nan kuwa ƙadangare zai sami bangon da ya tsage.

Shafi na biyu na kuɗin fita ne, kuma a raba shi gida biyu, domin kashe kuɗin taro iri biyu ne. Akwai tsayayyen kuɗi, wanda ko mutum ɗari ne suka zo ko dubu, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, kamar hayar lasifika, da janareta da mansa, da rumfar manyan baƙi, da zayyanar alluna, da buga takardun shaida. Akwai kuma kuɗin da ke bin kai, wanda duk mutumin da ya tako ƙofa sai ya ƙara masa nauyi, kamar abinci, da ruwan leda, da kujera. A ƙarƙashin waɗannan biyu ku ƙara sahu guda na ko-ta-kwana, kamar kashi 10 cikin 100 na jimla, saboda 'yan gayyar soɗi, da kujerar da za ta karye, da kuɗin mashin ɗin da za a yi ta aike da shi ranar taro. Abin da aka bayar ba da kuɗi ba kuwa, kamar buhun masara, ko akuya, ko kurar itace, a ƙiyasta shi a shigar da shi a ɓangaren shigowa da na fita baki ɗaya, domin kada baɗi a ɗauka kyauta ake samun itace.

Shafi na uku, na kuɗin shigowa, shi ne inda ƙafafu suka fi zamewa, shi ya sa nake so ku aro masa ma'aunin malaman Usulu, waɗanda suka rarrabe tsakanin yaƙini da zanni da shakka. Kuɗin da ya shiga hannu, ko saƙon banki ya tabbatar da shi, shi ne yaƙini, a ƙidaya shi duka. Alkawarin mutumin da aka san shi da cikawa zanni ne, a ƙidaya rabinsa ko abin da ya ɗan fi haka. Alkawarin da aka yi cikin zafin taro, gaban lasifika, ana tafi ana kabbara, shakka ne, a rubuta shi don ladabi, amma kada a ɗora tukunya a kansa. Kun koya tun kuna ƙanana cewa mai sallar da ya yi kokwanto, raka'a uku ya yi ko huɗu, a kan uku yake ginawa. To, ma'aji ma haka zai gina a kan mafi ƙaranci.

Bari in buga muku misali da lambobin da na zaɓa don koyarwa kurum, ku kuwa ku sa na kasuwarku. A ce ɗalibai 40 za su yi sauka, an ɗora wa kowane uba naira 10,000, an sami naira 400,000, masu hali kuma sun yi alkawarin naira 800,000, jimla naira 1,200,000. A ce tsayayyen kuɗi naira 350,000 ne, ana sa ran baƙi 500, kowane kai zai ci naira 1,200, wato naira 600,000. Idan aka haɗa aka ƙara ko-ta-kwana, ya kama naira 1,045,000. A nan kwamiti zai yi hamdala, ya ga rarar naira 155,000, wani ma ya kawo shawarar a ƙaro rago. To, yanzu ku taɓa gida ɗaya, ku ce rabin alkawuran ne za su cika: nan take rarar nan ta juye ta zama giɓin naira 245,000. Ku sake taɓa wani gidan, ku mayar da baƙi 700: giɓi ya kai naira 509,000. Sa'an nan ku juya tambayar ku ce, da naira 800,000 da muke da ƙarfin zato a kanta, mutum nawa za mu iya ciyarwa ba tare da bashi ba? Jadawali zai nuna muku ba su wuce 314 ba. Wannan lamba ta ƙarshe ita ce gaskiyar aljihunku, lissafin farko kuwa na dokin Rano ne.

Idan kun ga haka, ku ɗauki sakamakon nan uku, na yalwa da na tsaka-tsaki da na ƙunci, ku kai wa dattawa da ladabi, ku durƙusa ku ce, "Baba, ga abin da takarda ta nuna, shawara tana wurinku." Kada ku je da sigar mai gyara wa manya kuskure, domin dattijo yakan karɓi gaskiya idan aka bar masa girmansa, kuma sau da yawa shi ya san wanda alkawarinsa dutse ne da wanda nasa kumfa ne, sanin da babu kwamfutar da ke da shi. A wannan zama ne za a yanke ko a rage katin gayyata, ko a haɗa sauka biyu wuri guda, ko a ɗaga rana. A nan ne kuma za a tuna da gidajen da rashin tsaro ya raba da gonakinsu, a yafe musu kason da aka ɗora cikin sirri, a rage shi daga lissafi tun farko, don kada a hana yaro allonsa saboda talaucin ubansa.

Saura shafi na huɗu, na lokaci, domin kuɗi yana iya isa a jimla amma ya ƙi zuwa ranar da ake bukatarsa. Mai rumfa yana son kafin alƙalami tun da sauran mako biyu, mai zayyana yana son nasa tun da sauran wata guda, mai alkawari kuwa sai ranar taro yake sa hannu aljihu. Ku jera makonni a ginshiƙai, ku sa abin da zai shigo da abin da zai fita a kowane mako, duk makon da ragowar ta faɗi ƙasa da sifiri, to, nan ne za a ci bashi ko a ji kunya. Ku tuna kuma mu manoma ne: da kaka, an girbe masara da waken suya, hatsi na araha hannun jama'a a sake yake, amma tsakiyar damina rumbu ya yi ƙasa, kuɗi sun tafi ga taki, gab da babbar salla kuwa dabba ba ta taɓuwa. Ga kuma abin da ba ya cikin kalanda. Kun ga yadda a 2021 gwamnatin Jihar Katsina ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya saboda tsaro, aka koma zagayawa ta Funtuwa, aka kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanninmu. Kun ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023, mutum na da kuɗi a banki amma ba shi da na sayen itace. Kun ga yadda bayan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin fetur ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki. Wanda ya tara zatonsa a shafi guda, da irin wannan ta faɗo, gida biyu ko uku zai gyara ya san matsayinsa a daren nan.

Sai dai in gargaɗe ku, kada ku ba na'ura gaskiyar da ba ta da ita, domin abin da ka zuba mata shi za ta niƙa maka, in tsakuwa ka zuba, tsakuwa za ka kwasa. A shirin wasannin Olamfik na Landan na 2012, da duk ƙwararrun da aka tara, wani ma'aikaci ya buga 20,000 a inda ya kamata ya buga 10,000, aka sayar da tikiti 10,000 na kujerun da babu su a wurin wasan ninƙaya, sai daga baya aka bi mutane ana sauya musu da na wasu wasanni. To, in haka ta sami Ingila, ina ga mai danna waya da babban yatsa cikin duhu? Saboda haka a sami mutum na biyu ya bi jadawalin gida-gida, da takarda da fensir, kuma kada mai riƙe kuɗi ya zama shi kaɗai ke riƙe lissafi. A kuma buga shi a takarda a ajiye, domin ba ku manta da watan Satumba na 2021 ba, sa'ad da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jiharmu, har da namu guda uku, aka yi makonni masu yawa duk abin da mutum ya ajiye a intanet ya fi ƙarfin hannunsa.

Akwai kuma wani ladabi da halin da muke ciki ya wajabta. Bayyana lissafi wajibi ne, amma bayyana shi ga masu haƙƙi. Jadawalin da ke ɗauke da sunan wanda ya ba da kuɗi mai yawa, da ranar da za a ɗauko kuɗi, da gidan da za su kwana, ba abin watsawa ba ne a zaurukan WhatsApp, a ƙasar da bango ke da kunne, kunnen kuma ya kai har daji. Cikakken bayani ya tsaya ga kwamiti da mai binciken kuɗi, jama'a a karanta musu jimloli, kuɗi su zauna a asusu mai sa hannun mutum biyu, masu bayarwa kuma a gode musu ba tare da an faɗi adadi a lasifika ba, wanda hakan ya fi tsare rayukansu, ya kuma fi nisanta sadakarsu daga riya.

La'alla wani ya ce, ina tawakkali, in mutum zai zauna yana ƙirga lomar baƙonsa? Amsa ita ce, Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya fi mu tawakkali nesa ba kusa ba, amma ya auna shekaru bakwai na yalwa ya yi wa bakwai na fari tanadi, kuma da amana da sani ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar. Walima sunna ce da ko akuya guda ta isar mata. Abin da ya wuce ƙarfi don a ce wane ya yi, israfi ne da alfahari, kowa ya daka rawar wani kuwa ya rasa turmin daka tasa. Ranar da aka gama taro, ku buɗe sabon ginshiƙi kusa da na zato, ku cika shi da abin da aka kashe a zahiri, kowane sahu da rasiɗinsa, ku ga inda zatonku ya dace da inda ya kauce, sa'an nan ku miƙa wa wanda zai gaje ku, don kada kowace shekara a sake faɗawa ramin bara.

Saurayin nan da na ba ku labarinsa, da aka sake yin sauka, dattawa suka sake kiransa, ya ƙi, suka matsa, ya karɓa bisa sharaɗin a haɗa shi da mai duba masa lissafi. Walimar ba ta kai ta farko armashi ba, har na ji wasu suna gunagunin nama bai wadata ba. Amma da muka zauna a zauren nan bayan kwana uku, takarda huɗu ya shimfiɗa a kan tabarma, da rasiɗai a maƙale da allura, aka karanta aka sa hannu tun shayi bai huce ba, babu kuma mai jiran kowa a ƙofa. Allah Ya ba ku ikon riƙe amana, Ya sa mu cika da kyakkyawan hisabi ranar da ba a ɓoye komai.